Ɗigo Biyu a Ƙasan Kunne

Kuramochi Fusae ta yi fiye da rabin rayuwarta tana shafa fenti a bayan fuskokin da ba na mutane ba. A unguwar Nerima take zaune, a ɗakin sama na gidan mai sayar da awara, wanda ake hawa ta wata matakalar ƙarfe da ke waje. Duk wanda ya taka matakalar nan, kafin ya kai rabi ta gane ko wane ne.

'Yar ƙauye ce daga Akita. Tana gama makaranta aka zuba su a jirgin ƙasa da sauran yaran garinsu, aka kawo su Tokyo aikin masana'anta, ita rabonta ya faɗa a wurin ɗinka laima. Can ta haɗu da Kuramochi, mai gyaran rufin gidaje, mutum ne da ba ya ɗaga murya ko da guduma ta same shi a yatsa. Wata safiya mai yayyafi ya zame daga kan rufi, aka kawo mata jakar abincinsa ko buɗe ta bai yi ba. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Chizuru, wadda a lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba. Tun daga ranar, kowace safiya shinkafar farko da shayin farko a gaban hotonsa take ajiyewa, ta kunna turare, ta durƙusa ta ba shi labarin gidan a hankali, kamar yana ɗaya ɗakin.

Wata maƙwabciya ce ta koya mata aikin fenti. Kamfanonin da ke yin fim ɗin zane na talabijin suna rarraba aikin gida gida ga mata. Ana kawo seru, wato ledar nan mai ƙarfi wadda ake hango komai ta cikinta, an buga layin zane a fuskarta, sai mace ta kife ta ta cika launi ta baya. Saboda haka duk fuskar da Fusae ta sani, a juye ta san ta, abin da ke hagu a dama take ganinsa. Ƙa'idar aikin biyu ce. Kada fenti ya tsallake layi, kuma kada a bar ɗigo. Ƙura ce, kashin ƙuda ne, yawun atishawa ne, in ya hau talabijin sai ya zama kamar ƙwayar wake tana tsalle a kumatun jarumi. Don haka kullum akwai tsinke mai auduga a baki da kwalbar sifirit a gefen hannunta na dama. Ba ta ma tunani, in ta ga ɗigo hannunta ne ke gogewa.

A ƙarƙashin katakan shanya serun nan Chizuru ta girma, tana cin abinci da warin fenti. Ido gare ta fiye da na uwar. Tun tana ƙarama, in ana kallon talabijin sai ka ji ta ce wannan na Mama ne, wancan kuma na wata ce mai gaggawa. In datti ya gifta, ko mai ƙanƙantarsa, sai ta nuna shi da tsinken cin abinci.

Mai kawo aikin kuwa Hatanaka ne, wani magidanci mai ciwon gyambon ciki, da 'yar farar mota wadda ƙofarta ɗaya ba ta buɗewa. Hawansa a matakala da nauyi, yana hutawa a tsakiya. Shi ne wata rana ya zo da wani saurayi mai zane, dogo mai dogayen yatsu, don ya gyara wani kuskure a nan take. Michitaka sunansa. Ya gyara kuskuren cikin ɗan lokaci, amma bai tashi ba har sai da Chizuru ta sake zuba masa shayi sau biyu. Bayan shekara biyu aka yi auren, suka kama ɗaki a ƙetaren layin dogo. Fusae ba ta da abin ƙi a wurinsa. Yana kiranta Mama, yana cin abinci kansa a sunkuye, ba ya shan giya sai a ƙarshen shekara.

Da kamfaninsu ya fara sabon shiri na wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai suna Gairanza, wanda ya fi benaye tsawo, aka ba Michitaka gyaran fuskoki. Duk zanen da wasu suka yi sai ya bi ta ƙarƙashin fensirinsa. Labarin na wani saurayi ne, Sogo, da ke shiga ƙirjin Gairanza ya tuƙa shi zuwa yaƙi da mutanen wata duniyar, da kuma Koharu, yarinyar da suka tashi tare, wadda ke gyara masa injin in ya dawo a farfashe. Ranar da serun Koharu na farko ya zo, Fusae ta ajiye burushi ta yi ta kallo. Yadda yarinyar ke jan hannun riga ya rufe yatsunta, da haƙorin nan ɗaya da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa in ta yi murmushi, duk na Chizuru ne. Kowa a kamfanin ya sani. Hatanaka ya ce ai surukinta ya sami hanyar kallon matarsa a wurin aiki ana biyansa. Chizuru ta yi ta dariya tana rufe bakinta da hannun riga, abin da ya ƙara ba su dariya ke nan.

Shirin ya karɓu. Ƙananan yara don faɗan ƙarafa suke kallo, a ga an tsinke hannun wani dodo an jefar cikin teku. Amma da aka yi nisa sai darakta ya shigo da wata matuƙiya ta abokan gaba, Zerina, mai jan gashi har gadon baya, wadda ta harbo Sogo sau biyu kafin ta ga fuskarsa. Daga nan manyan ɗalibai suka karɓe shirin daga hannun yara. A cikin jirgi, a layin sayen taliya, gardamar ke nan, wa Sogo zai zaɓa. Hatanaka ya ce a kamfanin ma an rabu biyu, masu zanen ƙarafa suna bayan Koharu, masu ɗaukar hoto suna bayan Zerina, darakta kuwa ya ƙi faɗa, sai dai ya ce ɗaya daga cikinsu ba za ta ga ƙarshen shirin ba.

“Ke fa, Kuramochi-san, wa kike so?”

“Wadda fentinta ya fi saurin bushewa.”

“To ai kin zaɓi Koharu ke nan. Jan nan na Zerina kamar ciwon cikina yake, ba ya jin lallashi.”

Da kaka ta shigo, ganyen bishiyoyin bakin tasha suka soma zuba, Fusae ta ci karo da ɗigo biyu a wuyan Zerina, a ƙasan kunne, babba a sama, ƙarami a ɗan bayansa. Ta goge. A seru na gaba ga su nan, ta goge. Ta ɗauka injin buga layi ne ya yi datti, har ta yi niyyar faɗa wa Hatanaka. Mako na gaba suka sake zuwa, a wuri ɗaya, da girma ɗaya. Sai ta zaro takardar zanen fensir da ke biye da kowane seru, ta ɗaga ta a hasken taga. Da fensir aka ɗiga su, da gangan, har bakin fensirin ya ɗan lotsa takardar. Hannun kuma ta san shi, don babu mai zana kunne da layi uku kacal sai Michitaka.

Ba a jima ba Hatanaka ya zo da saƙo, yana haki a bakin ƙofa. Wai Michitaka yana tambaya wace ce ke share masa tawadar Allah, a gaya wa mata su bar ta yadda take. Fusae ta ce ba ta cikin takardar kamannin Zerina da aka raba musu tun farko. Hatanaka ya ɗaga kafaɗa ya ce masu zane ai ba a bin ta tasu, gobe ma sai su ƙara mata wutsiya.

Daga ranar Fusae ta fara lura. Fuskokin Zerina suna zuwa da gyara a kan gyara, gashin ido ɗai ɗai, inuwar leɓe, yadda wuya ke lanƙwasa in ta waiwaya. Na Koharu kuwa suna zuwa yadda ƙananan masu zane suka bar su. Wani lokaci ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Haƙorin nan ya ɓace, ba wanda ya tambaya. Fusae ta san abu ɗaya game da surukinta, ba ya ƙirƙirar fuska daga kansa, abin da idonsa ya daɗe a kai shi hannunsa ke fitarwa. Da safe ta durƙusa gaban hoton mijinta, ta kunna turare, ta buɗe baki, sai ta ba shi labarin tsadar kabeji.

A lokacin Chizuru na da ciki, har ya fito. Michitaka kan yi kwana da kwanaki bai dawo gida ba, amma wannan ba abin magana ba ne, rabin mazan kamfanin a ƙarƙashin teburinsu suke kwana. Da can Chizuru ce ke kai masa wankakkun kaya da abinci. Da jiki ya yi nauyi sai ƙawarta Sumire ta karɓa, tunda shagon shan kofin da take aiki yana kusa da kamfanin. Tun firamare suke tare. Uwar Sumire aikin dare take yi a lokacin, don haka rabin ƙuruciyar yarinyar a ɗakin Fusae ta yi shi, a nan ta koyi riƙe wuƙa, a nan aka cire mata ƙaya. Goggo take kiran Fusae. Mai fara'a ce, mai yawan gashi, kullum a sake yake ya rufe mata kunnuwa.

Fusae ta zama mai kallon wuyan mata. A cikin jirgi, a wurin mai kifi, a ɗakin jiran likita inda ta raka Chizuru, idonta na bin ƙasan kunnen kowace mace, tana jin kunyar kanta tana kuma ci gaba. Har kamfanin ta je da hujjar neman ƙarin fenti, ta gaisa da matan da ke duba launi, ta dawo ba ta ga komai ba. Ta fara gaya wa kanta ƙila a mujalla ya gani.

Ranar wata Lahadi da yamma suka tafi gidan wanka su uku, kamar yadda suka saba tun yaran na ƙanana. Chizuru ta zauna a gefe tana zuba wa ƙafafunta ruwan ɗumi, don likita ya hana ta daɗewa a cikin kwamin ruwan zafi. Sumire ta tattare gashinta ta ɗaure a tsakar ka, ta jawo kujera ta zauna a bayan Fusae.

“Kawo bayan nan, Goggo. Kin ranƙwafa kamar jatan lande, wannan fentin zai ƙarasa ki.”

“A hankali dai, ba tukunya kike kankarewa ba.”

Tururi ya rufe madubin da ke gabansu. Fusae ta sa tafin hannu ta share, don kawai ta ga ko sabulu ya shiga mata ido. Sumire ta juya kai tana ba Chizuru amsar wata magana, wuyanta ya lanƙwasa. A cikin madubin, a juye, daidai yadda Fusae ke ganinsu a bayan seru, ga su nan, babba a sama, ƙarami a ɗan bayansa. Sau nawa ta wanke wuyan nan yana ƙarami, ba ta taɓa riƙe su a ka ba. Wuri ne da ba ya ganuwa sai ga wanda ya ɗaga gashin.

Hannun Sumire na ta kai da komo a bayanta, da taushi, da kulawa. Tururi ya sake rufe madubin, Fusae ba ta ƙara sharewa ba. A hanyar komawa Sumire ce ta riƙe wa Chizuru kwanon wanka, ta kuma saya musu gasasshen dankali a wurin mai kura. Fusae ta riƙe nata har ya huce.

Sau ɗaya ta gwada yi wa Michitaka magana. Ya biyo da rana karɓar wani abu, ya tarar Chizuru ma ta zo, sai ta sauka sayen awara. Fusae ta zuba masa shayi, ta ce ɗigon nan na wuyan Zerina yana ba mata wahala, ko za a iya cire shi.

“Don kyau ne kawai, Mama.”

“Kyau ne. Amma akwai masu ido a cikin masu kallo.”

Bai ɗago ba. Ya juya kofin a hannunsa, kunnuwansa suka yi ja, ya ce talabijin ba ta fitar da ƙananan abubuwa irin wannan. Sai ga takun Chizuru a matakala, a hankali, tana riƙe ƙarfen gefe. Maganar ta tsaya nan.

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Zerina kusan kullum cikin hular kwano take, in ta cire kuma gashi ya rufe, ɗigon kan fito ne na ƙiftawar ido, can nesa. Chizuru ba ta fashin shirin kowace Asabar da yamma, tana goyon bayan Koharu kamar ƙanwarta, tana zagin Sogo da sakarai mai idon kifi. Ta lura fuskar Koharu ta lalace, amma ta ce aiki ne ya yi wa mijinta yawa, Allah sarki. Fusae dai ta sani, Chizuru ta yi wa Sumire kitso tun suna 'yan mata, ta huda mata kunne da hannunta. In ɗigon ya tsaya a gabanta da girma, ba za ta nemi mai yi mata bayani ba.

Ana tsakiyar sanyi aikin ya zo. Hatanaka ya hawo matakala ba tare da hutawa ba, abin da bai taɓa yi ba, fuskarsa kamar tokar murhu. An makara, shirin na wannan Asabar ɗin ne, kuma yau Talata. Ya ce wurin da kowa ke jira ne, inda Gairanza ya durƙusa a bakin teku hannunsa ɗaya a cire, Zerina ta sauko daga nata injin, ta cire hula a gaban Sogo, ta tattare gashinta sama ta ce in zai kashe ta ga wuya nan. Fusae ta buɗe jakar. Fuska ce cike da seru, da wuya a miƙe, iska na kaɗa gashi. Irin zanen nan ne 'yan kaɗan da ake jerawa a yi ta maimaitawa don gashi ya yi ta motsi. Ɗigon kowanne ya kai ƙwayar shinkafa.

Ta ga lambobin jerin da ke jikin serun suna tsallake ɗaya ɗaya, ta tambaya. Hatanaka ya ce ya raba ne, sauran suna wurin matar Oyamada, wata mai fenti a unguwar Shakujii, don mace ɗaya ba za ta gama kafin gobe ba. Ya sha ruwa a tsaye ya sauka.

Ta cika launin fata, ta cika jan gashi, ta jera su a katako. Da rana ta yi ta juyo su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ta san aikinta, ta san abin da ke faruwa in rabin zane yana da abu rabi ba shi da shi. Amma ta lissafa wa kanta cewa matan da ke duba aikin a kamfani za su ga bambancin, su ɗauko takardar kamanni, su ga babu ɗigo a ciki, su goge na matar Oyamada, don gogewa ta fi ɗigawa sauri. Ta dubi hoton mijinta. Bai ce mata komai ba, da ma can ba mai magana ba ne. Ta tsoma audugar a sifirit.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a makon nan babu wanda ya duba komai. Daga motar Hatanaka kai tsaye aka wuce da su ƙarƙashin kyamara.

Ranar Asabar Chizuru ta zo tun la'asar, ta ce ɗakinta ya yi sanyi, a nan za ta kalla. Sumire ta biyo ta da ledar lemo. Fusae ta ce talabijin ɗin tana ɗan rawa kwanan nan, ko su bari su fita cin taliya. Chizuru ta ce ko girgizar ƙasa ake yi yau sai ta ga abin da jar mayyar nan za ta yi. Suka zura ƙafafu a ƙarƙashin teburin ɗumi, bargo har ƙugu. Daga ƙasa ana jin mai awara yana wanke kwanukansa.

Aka yi waƙar buɗewa, aka yi faɗa, gidaje suka rushe, hannun Gairanza ya faɗa teku. Sumire na ɓare lemo tana miƙa wa Chizuru ɓari ɓari. Sai kiɗa ya lafa. Zerina ta cire hula, ta ɗaga gashi, fuskarta ta cika gilashin. Iska ta soma kaɗawa, a ƙasan kunnenta kuma wani abu ya soma ƙiftawa. Ya fito, ya ɓace, ya fito, ya ɓace, kamar ido biyu ƙanana da ke kiran mutum. Babu inda za ka kalla a fuskar nan sai wurin.

“Datti,” in ji Chizuru, yadda take faɗa tun tana yarinya, har ta ɗaga yatsa. Sai yatsan ya tsaya. “A'a. Datti ba ya komawa wuri ɗaya.”

Zerina ta daɗe tana magana, darakta ya ja wurin sosai. Fusae ba ta kallon talabijin, hannun Sumire take kallo. Hannun ya ajiye lemon, ya tashi a hankali kamar ba da sanin mai shi ba, ya shiga ƙarƙashin gashi, ya dafe ƙasan kunnen hagu. Chizuru ma ta gani. Sai aka sa tallar miyar gwangwani.

Sumire ta ce ta manta an ce ta koma shago da wuri. Ta zaro ƙafafunta, ta sa kwat ɗinta a bai-bai, ta ce sai an jima Goggo. Fusae ta saurari takunta a matakala, da sauri da farko, sai ya tsaya a tsakiya kamar za ta dawo, sannan ya ƙarasa sauka.

Chizuru ta tattara ɓawon lemon wuri ɗaya, ta jera shi da kyau a gefen tebur.

“Wanne ne naki, Mama? Masu ɗigon ko marasa?”

“Marasa.”

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranar da muka ci dankali.”

Chizuru ta gyaɗa kai. Ta ɗora hannu a kan cikinta.

“Da kin bar shi ya zauna wuri ɗaya, da Koharu zan yi ta nema a bayansu. Da ban gani ba.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, yadda ake gaya wa mai koyo ya tsallake layi ne. Ba ta koma ƙetaren layin dogo a ranar ba, ba ta koma washegari ba. Fusae ta shimfiɗa mata katifarta ta da a ƙarƙashin katakan shanya. Wayar mai awara ta yi ta ƙara a ƙasa, yana hawowa yana cewa mijinki ne, Chizuru na cewa a gaya masa tana barci.

Bayan mako biyu Hatanaka ya zo da jaka da wasu ƙananan kwalabe da ba a saba kawowa ba. Bai yi wasa ba ranar, bai tambayi shayi ba. Ya ce in Kuramochi-san ba ta so, zai kai Shakujii. Fusae ta duba kwalaben, launin toka ne mai ɗan shuɗi, wanda ake sa wa fata in rai ya fita. Darakta ya yanke hukunci. Koharu ce, a kwance a ƙarƙashin ƙafar Gairanza, da sifana a hannu. Wannan karon fuskar ta sha gyara, haƙorin ya dawo, hannun rigar ya rufe yatsu. Michitaka ya zana ta yadda bai zana ta ba tun farkon shirin.

Chizuru ta leƙo ta kafaɗar uwarta. Ta ce a bar shi a nan. Ta wanke hannu, ta sa farar safar auduga, ta jawo matashi ta zauna a karkace saboda cikin. Fusae ta ce warin fenti ba shi da kyau ga mai ciki. Chizuru ta ce a cikinsa aka raine ta. Suka yi aiki gefe da gefe har rana ta karkata, uwar na cika riga da gashi, 'yar na cika fuska, ba ta tsallake layi ko sau ɗaya ba.

Da yamma aka taka matakala. Ba takun Hatanaka ba ne, wannan mara nauyi ne, yana taka kowane ƙarfe kamar yana neman izini. Fusae ta tashi za ta buɗe, Chizuru ta riga ta. Michitaka na tsaye da gemun kwana da yawa, ya ce Hatanaka ne ba shi da lafiya, shi ya sa ya zo karɓa, kuma yana so su yi magana. Chizuru ta koma ciki, ta ɗauko serun ƙarshe a kan tafukanta biyu, ta miƙa masa.

“Ga ta nan. Ba ta gama bushewa ba, ka riƙe a hankali.”

Ya karɓa, don ba yadda zai yi, seru mai ɗanyen fenti ba a ajiye shi ko'ina. Hannuwansa biyu a cike, bai iya tare ƙofar ba lokacin da ta rufe.

'Ya mace Chizuru ta haifa, da furannin bazara suka fito. Aka sa mata Yae. An raba auren kafin yarinyar ta yi zaune. Sumire ta bar unguwar, wasu sun ce tare suke da Michitaka, wasu sun ce ko wata uku ba su yi ba, Allah ne masani. Chizuru ta sami aiki a wani kantin magani, ta riƙe uwarta da kyau, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai tun daga lokacin, in za su gidan wanka, kowa bayansa yake cuɗawa.

Fusae ta ci gaba da fenti har kwamfuta ta zo aka daina kawo seru gidajen mata. Wurin nan na ɗigon a cikin shirin kuwa ba a taɓa gyara shi ba. Masu son shirin sun yi ta surutu a kai, wasu suka ce alama ce darakta ya ɓoye, wasu suka ce fatalwa ce ta shiga fim ɗin. Kowane hutun bazara sai wata tasha ta maimaita Gairanza da safe don yara. In Fusae ta ji waƙar buɗewar sai ta tashi ta kama wanke shinkafa, ko da akwai dafaffiya a tukunya.

Shekarar da Yae ta shiga firamare, wata safiya Chizuru na wurin aiki, Fusae na tsaye a bakin famfo ta ba ɗakin baya. Ta ji kiɗan ya lafa, ta ji ƙarar iska da ta teku. Ta ƙara buɗe ruwan.

“Kaka,” in ji yarinyar, bakinta cike da shinkafa, tsinken cin abinci a miƙe wajen gilashin. “Zo ki gani. Akwai wani abu a wuyan matar nan.”